Tayoyin da Aka Juya

Talata, 29 ga Oktoba, 7:40 na safe

"Ki duba mana, Farfesa, ai ke ce mai lissafi. Uku kawai suka rage."

Da wannan Royce ya tare ni, ko kofi ban kurɓa ba. Ya juyo mini kwamfutarsa a kan teburin kicin. Tayoyi uku, kowace da hotonta, ya jera su layi-layi har da launi. Shekara tara da aurenmu, ban taɓa ganin ya tsara wani abu da kyau haka ba, har da bikin auren.

Ta farko, in ji shi, tana kama kwalta kamar an shafa mata gam, amma sai ta ɗauki zafi. In sanyi ya sauka ta koma katako, kuma zuwa filin tseren mota sau huɗu ta gama aiki. Ta biyu ba ta tsoron ruwa, za ta yi shekara biyu tana kai mutum ofis, amma zagaye biyar a fili ta fara narkewa kamar man shanu. Ta uku tana tsakiya.

"Ba ta fi kowa a komai ba," ya ce, "amma ba ta kunyata mutum."

Na ce, "Wace motar za a sa wa?"

"Ta abokinmu Hollis mana. Sayarwa zai yi. Irin tamu ce sak, kujera biyu, har launin."

Kwana goma ke nan da hatsarin. Motarmu Shuɗiya tana can inda ake jibge motocin da suka mutu. Baba yana gidan jinya da ƙarfe a ƙugu, yana koyon tafiya yana ɗan shekara saba'in da huɗu. Ni ina yawo da takardar ɗan sanda a jaka, mai cewa na kasa sarrafa mota. Mijina kuwa yana zaɓen taya.

Aƙidarsa ce tun da can: jerin taya ɗaya, aiki biyu. Tayar da za ta kai ka filin gudu ranar Lahadi, ita za ta kai ka aiki ranar Litinin, ita za ta kai ka hanyoyin tsaunin kudancin Ohio in ganye ya yi ja. Wa'azi yake yi a kanta a ƙungiyarmu ta masu tseren mota, mutane suna rubutawa a waya.

Na ce zan makara. Ajina sai ƙarfe goma.

Laraba, 30 ga Oktoba, 5:15 na yamma

Na kai wa Baba miyar kabeji. Ya ce gishiri ya yi daidai. Ya ce an ce za a yi ruwa ranar Juma'a. Ya ce mai gadon kusa da taga yana minshari. Minti arba'in muka yi a kan waɗannan uku.

Wannan mutumin ne ya ɗora ni a kan sitiyari ina shekara sha biyar, a filin ajiye motoci na masana'antar da ya yi wa aikin ƙira shekara talatin. Shi ne kowace kaka yake sa hularsa ta ulu ya zauna a kujerar dama ya ce, "To, Ilona, nuna mini abin da kike koya wa likitocin haƙorin nan." Shekara sha ɗaya ina koyar da tuƙi a fili, bai taɓa riƙe ƙofa ba in na shiga kwana.

Yanzu ganye yake kallo ta taga idan ina magana.

Sai Royce ya shigo da donat, fuskar Baba ta buɗe.

"Ga ɗan halak! Me ka ɓoyo mini?"

"Mai kirim, Baba. Kar nas ta gani, ta kore mu duka."

Suka yi ta dariya. Baba ya ce likita ya sa ranar sallama, Talata sha tara ga wata mai kamawa. Na ce zan ɗage ajina in zo.

"Bari dai Royce ya zo," ya ce. "Ke kina da aiki."

Royce ma yana da aiki.

A motar asibiti, ranar hatsarin, abu ɗaya ya faɗa mini kafin su sa masa abin numfashi: "Kin shiga da ƙarfi." Bai sake faɗa ba. Ba ya buƙata.

Juma'a, 1 ga Nuwamba, 12:30 na rana

Gudun mil arba'in da biyu nake yi. Na ga allurar. Kwanar da na sha shiga da hamsin da biyar.

Asabar, 2 ga Nuwamba, 3:00 na rana

'Yan inshora sun ce in je in kwashe kayana daga motar. Royce ya ce zai je mini. Ya faɗa sau uku cikin mako guda, shi da ba ya iya tuna ranar fitar da shara. Don haka na je da kaina.

Na ɗauki hular kwanona, da ma'aunin iska, da gilashin Baba mai ido ɗaya. Na riga na juya zan tafi, sai na tsaya ɗaure takalmi kusa da tayar baya. Idona ya faɗa kan rubutun da ke jikinta.

Tayoyin nan suna da gefen waje da gefen ciki, an rubuta a jikin kowace da manyan baƙaƙe. Kalmar da take kallona ta gefen ciki ce.

Na zagaya. Duk huɗun haka.

Na kwanta a kan tsakuwa da rigata ta kirki na zura hannu ta bayan tayar. Daga waje zane raɗau, kamar a yi wata shida ana hawa. Daga ciki sumul kamar tafin hannu, har waya ta fito. Ta yanke ni a yatsa biyu. Na daɗe a kwance ina kallon ƙasan motar. Mai gadin wurin ya zo ya tambaye ni ko lafiya. Na ce masa ƙalau, karatu nake.

Daga nan shagon Delbert na wuce. Shi yake ɗaura wa rabin ƙungiyarmu taya tun kafin a haifi wasunmu. Yana ganina ya ajiye abin hannunsa.

"Malama Ilona. Ya jikin tsohon?"

"Da sauƙi. Delbert, yaushe ka juya mana tayoyi?"

Ya goge hannunsa da tsumma, ya sake gogewa.

"Au, bai gaya miki ba?"

"Yanzu kai za ka gaya mini."

Asabar ɗin da na tafi taro Chicago. Washegari ita ce ranar fili ta ƙarshe a bana. Kafaɗun waje sun cinye, mai duba motoci a ƙofa ba zai bar shi ya shiga ba. Sai aka cire kowace taya daga rim, aka mayar da cinyayyen gefen ciki inda ido ba ya kaiwa. Kowa ya san dabarar. Ni ma na taɓa yi, sau ɗaya, a busasshen fili, na kuma jefar da su a ranar.

"Wallahi na ce masa, yini ɗaya, a fili, in ba ruwa," in ji Delbert. "Na ce in ya dawo gida ya ɗage motar a kan jak har sababbi su zo. Ya ce ai ya riga ya yi oda. Da na ji abin da ya faru na ɗauka sababbin ne a ƙafarta. Na ce ikon Allah, Ilona ce da kanta?"

"Kowa haka ya ce."

"Kina so in je in ga tsohon?"

Na ce a'a. Ba bakin Delbert ba ne ya kamata ya buɗe.

Asabar ɗin dai, 6:50 na yamma

Na same shi yana yanka albasa. Na ɗora yatsuna biyu masu filasta a kan katakon yankan, kusa da wuƙar.

"Me ya same ki?"

"Waya. Ta cikin tayarka."

Ya kamata in ba shi lambar yabo: bai yi ƙarya ba. Ya zauna kawai, ya dafe kai. Ya ce Litinin ya yi niyyar yin oda, sai aiki ya taso. Ya ce ya manta cewa Asabar ce ranar yawonmu da Baba. Ya ce da safen yana barci muka fita. Ya ce bai san za a yi yayyafi ba. Ya ce kullum yana so ya gaya mini.

"Mako biyu," na ce. "Kana tsaye ɗan sanda ya miƙo mini takarda a asibiti. Kai ka riƙe mini jaka na sa hannu."

"Na rikice ne, Ilo."

"Ba ka rikice ba wajen jera tayoyi uku da launi."

"Ai don kar a sake ne! Shi ya sa nake so mu zaɓa da kyau wannan karon."

Na yi dariya. Ba ta yi daɗin ji ba, ni ma na ji.

Na ce abu ɗaya nake so. Ya je ya gaya wa Baba da bakinsa, kafin sha tara ga wata. Ba ƙungiya ba, ba 'yan inshora ba, ba kotu ba. Baba.

"Zan faɗa. Amma ki bari ya ɗan yi ƙarfi. Yanzu ba lokacinsa ba ne."

Albasar tana nan a kan katako. Ba wanda ya dafa komai.

Litinin, 4 ga Nuwamba, 8:10 na safe

Ya kai masa donat jiya. Sun yi hirar ƙwallo.

Laraba, 6 ga Nuwamba, 4:30 na yamma

Yaya Milan ya kira daga Phoenix. Mil dubu biyu tsakaninsa da gadon Baba, amma ra'ayinsa ya iso lafiya.

"Ba faɗa zan yi miki ba, Auta."

"Madalla."

"Amma ke ma ki duba. Tsoho ɗan saba'in da huɗu, a motar wasa, kan tsauni, ana ruwa. Ba kowace hanya ce fili ba. Shekarunki arba'in da ɗaya fa."

"Na gode da ka tuna mini. Kai ka manta ranar haihuwar tawa."

"Ga shi nan, bakin nan naki. Allah dai ya saka wa Royce. Baba ya ce kullum sai ya leƙo."

Na ce amin. Na kashe wayar a hankali, na ajiye ta a hankali, na je aji na koya wa yara sittin yadda ake gane an yi wasa da alƙaluma. Sun ce darasin ya yi armashi.

Juma'a, 8 ga Nuwamba, 7:20 na safe

"Yau yana da gashin ƙashi, zai gaji," in ji Royce. Yanzu ba lokacinsa ba ne.

Lahadi, 10 ga Nuwamba, 5:40 na yamma

Walimar rufe shekara ta ƙungiya, a ɗakin bayan gidan abincin nan mai haƙarƙari. Ban so zuwa ba. Sai na ga in ban je ba za a ce kunya ce ta hana ni.

An yi mini kirki ƙwarai. Wannan ne abin da ya fi ciwo. Kowa ya dafa kafaɗata ya rage murya. Hollis ya ce, "Ba wanda bai taɓa yi ba, Malama. Ni ma na taɓa shiga gonar masarar wani da baya." Wani likitan haƙori da na koya wa taka birki da hannuna ya ja ni gefe ya yi mini bayanin yadda rigar kwalta take rage kamun taya. Na gode masa. Na ce ban taɓa ji ba.

Sai rabon kyaututtuka. Kofin shayi mai tambarin ƙungiya, na wanda ya fi kowa rage lokacin zagayensa a fili a bana.

Royce.

Minti ɗaya da daƙiƙa talatin da tara da ɗigo biyu, a ranar ƙarshe. Nawa, a motar nan, talatin da tara da ɗigo huɗu ne, kuma shekara uku yana binsa. Ban sani ba sai yau. Bai gaya mini ba, mutumin da in ya rage ɗigo ɗaya sai ya buga wa uwarsa waya.

To yanzu na san abin da aka saya da ƙugun Baba. Ɗigo biyu. Ƙiftawar ido ta fi shi tsawo.

Aka yi ta ihu, "Ya kayar da Farfesa! A ƙarshe dai!" Ya ɗaga kofin, bai kalli inda nake ba. Wani sabon shiga ya tambaye shi wace taya zai saya wadda za ta yi masa fili da titi. Na zuba ido. Na ce a raina, ga ƙofa an buɗe maka, shiga.

Ya gyara tsayuwa ya ce, "Ka ga, abu na farko, ka san iyakar tayarka."

Na fita na tsaya a wajen ajiye motoci har aka tashi. Sanyi ya yi mini amfani.

Talata, 12 ga Nuwamba, 1:00 na rana

Na tambayi kaina a ofis me ya hana ni in je in faɗa da kaina. Ina da amsa mai kyau: alhakinsa ne, shi zai sauke. Ina da ta biyu: in na faɗa, zai zama mace ta kayar da ubanta a rami tana neman wanda za ta shafa wa.

Akwai ta uku.

Litinin, Talata, Laraba, Alhamis, Juma'a. Kwana biyar ina shiga motar nan ina fita. Rubutun yana nan da manyan baƙaƙe, daidai gwiwata. Ni da nake sa ɗalibaina su durƙusa su shafa kowace taya ciki da waje kafin su sa hular kwano. Ranar Asabar na leƙa daga tsaye, na ga zane, na ce wa Baba ya shiga.

Zai tambaya. Na san shi.

Alhamis, 14 ga Nuwamba, 6:15 na yamma

Sun iso. Na dawo na tarar da su huɗu a gareji, an ɗaure su bibbiyu, takarda manne a jiki. Ta tsakiyar ya zaɓa. Duk gidan warin sabuwar roba yake, har cikin tawul.

Motar da za a sa musu ba ta zo ba tukuna. Tayoyi huɗu ba mota, a tsakiyar gareji, yana zagaya su yana danna zanen da babban yatsa.

"Ki zo ki ga zurfinsa, Ilo."

"Saura kwana biyar."

"Na sani."

"Ka san me za ka ce?"

"Ina ta tsarawa. Ba na so in tayar masa da hankali. Kin san yadda ya ɗauke ni."

Na sani. Ɗan da Milan bai zama ba. Shi ya sa abin yake da tsada, kuma shi ya sa nake so.

Asabar, 16 ga Nuwamba, 10:00 na safe

Baba ya taka daga gado zuwa ƙofa da ƙarfen dogarawa. Na tafa. Ya ce wa nas, "'Yata ce. Malamar jami'a ce." Da can cewa yake, "Direba ce, ta fi maza."

Lahadi, 17 ga Nuwamba, 4:45 na yamma

Ina cikin motar da na ɗauko haya a gaban gidan jinyar.

Royce ya ce yau. Ya sa riga mai kwala. Muka shiga tare, ba donat. Ya ja kujera kusa da gadon, ya haɗa hannuwa kamar mai ta'aziyya.

"Baba, akwai abin da muke so ka sani game da ranar nan."

Muke.

"Mun duba motar daga baya. Gaskiya tayoyin sun gaji fiye da yadda muka zata. Ƙarshen shekara ne, ka gane, an sha fili da su. Mu duka biyu ba mu lura ba. Don haka ba tuƙin Ilona kaɗai ba ne. Abubuwa ne suka haɗu, ga sanyi, ga ruwa."

Ya juyo ya kalle ni kamar ɗalibin da ya kawo aikin gida. Kaɗai. Ba tuƙina kaɗai ba.

Baba ya ce, "To, Allah ya kiyaye gaba," ya miƙa hannu zai ɗauki abin canza tasha.

Ban ɗaga murya ba. Ina alfahari da wannan, tunda ba ni da wani abin alfaharin a makon nan. Na ce:

"Baba, ranar sha biyu ga Oktoba Royce ya kai motar wurin Delbert ya sa aka juya tayoyin huɗu a kan rim, don kafaɗun waje sun cinye kuma yana so ya shiga fili. Delbert ya ce masa kar ya hau titi da su. Ya hau, ya dawo gida, ya ajiye mini makulli, bai ce komai ba. Cikinsu har waya ta fito. Ga yatsuna. Ya san haka a asibiti, ya san haka duk ranar da ya kawo maka donat."

Mai minsharin kusa da taga ya kashe rediyonsa.

Baba bai kalli Royce ba. Ni ya kalla, karo na farko cikin wata guda, ido cikin ido.

"Masu gefe ne? Da rubutu?"

"Da rubutu."

"Kwana nawa kina hawa?"

"Biyar."

"Ba ki durƙusa ba."

"Ban durƙusa ba."

Ya gyaɗa kai. Sannan ya juya.

"Royce. Haka ne?"

"Baba, niyyata Litinin in yi oda, wallahi, sai..."

"Haka ne, na ce."

"Haka ne."

"Don me?"

Ni na amsa a madadin Royce: "Ɗigo biyu na daƙiƙa. An ba shi kofin shayi."

Wannan bai zama dole ba. Ban yi nadama ba.

Baba ya ja bargo har ƙirji ya ce mu tafi, yana so ya huta. Mu duka. Royce ya tsaya a baranda yana cewa na yi masa kwanton ɓauna, ai yana kan hanyar faɗa, da na ba shi minti biyu. Na ce na ba shi kwana goma sha biyar. Ya tafi da motarsa. Ni ga ni nan.

Mai yiwuwa na rasa su duka biyun da rana ɗaya. A ƙalla na yi saurin da ba wanda zai ce ban yi ba.

Litinin, 18 ga Nuwamba, 12:00 na rana

Shiru. Na duba wayar sau goma sha ɗaya a cikin aji.

Litinin, 6:30 na yamma

Royce ya dafa taliya ya jera tebur har da kyandir. Ya ce mu manta da jiya, an riga an faɗa, an wuce wurin. Ya ce gobe zai je da wuri ya ɗauko Baba kamar yadda aka shirya, a hanya su yi magana irin ta maza.

Na ci taliyar. Yunwa nake ji. Na hau sama na sauko da akwatin da nake zuwa taro da shi, na buɗe shi a kan gadon ɗakin baƙi. Ban sa komai ba tukuna. Ina kallonsa, yana kallona.

Talata, 19 ga Nuwamba, 9:35 na safe

Ƙarfe bakwai da kwata wayar ta yi ƙara. Lambar gidan jinya.

"Ilona."

"Na'am, Baba."

"Nawa kike yi?"

Ban tambaye shi me yake nufi ba. "Arba'in da biyu."

Na ji numfashinsa. Na ji ana tura keken abinci a bayansa.

"Na ce kin shiga da ƙarfi."

"Ka ce."

"Daga inda nake zaune haka na ji. Bayan motar ya zame kawai." Ya yi tari. "Ban ji daidai ba."

A wurin Baba, Emil Petrak, wannan durƙuso ne har ƙasa. Na toshe bakina da hannu don kar ya ji abin da zai ba mu kunya mu biyu.

"Amma kwana biyar, 'yar nan. Da manyan baƙaƙe."

"Na sani, Baba."

"To. Ƙarfe goma suka ce. Ki zo mini da wandon nan mai faɗi, wancan ba ya shiga. Kuma akwai matakala uku a ƙofar gidana, ban san yadda za mu yi da su ba."

"Za mu yi. Zan zauna a wurinka."

"Har yaushe?"

"Ban sani ba."

Bai tambayi komai ba. Ya ce, "Ke kaɗai," ya ajiye.

Minti ashirin ya ishe ni cika akwatin. Abin mamaki ne ƙanƙantar abin da mutum yake buƙata daga shekara tara.

Royce yana gareji. Motar Hollis ta iso jiya da yamma, ya riga ya ɗage gabanta a kan jak tun kafin ya yi wanka. Ya ga akwatin, ya ga makullin motar haya a hannuna.

"Ina za ki? Ai ni zan ɗauko shi."

"Ya kira."

"Me ya ce?"

"Ya ce in kawo wando."

Ya miƙe, hannuwansa baƙi ƙirin. Ya ce kar in yi haka. Ya ce kuskure ɗaya ne. Na ce juyawar ce kuskure ɗaya, sauran kwana talatin da ɗaya ne, kowace safiya da nata. Ya ce to me nake so ya yi, ya kwanta a titi in bi ta kansa? Na ce a'a, tayoyin haya ne, ba na so in ɓata su.

Ya kalli motar, ya kalli sababbin tayoyin, ya kalle ni. Na ga yana neman abin da zai ce, na kuma tsaya, Allah ya sani na tsaya, na ba shi lokacin.

"Aƙalla ki zo ki gani," ya ce. "Na duba rubutun. Duk huɗun daidai za su shiga, ki duba da kanki. Waɗannan ko a ruwa..."

Na ja akwatin zuwa waje, na danna maɓallin da ke jikin bango. Ƙofar garejin a hankali take sauka, tana gurnani. Ta rufe fuskarsa yana magana, ta rufe ƙirjinsa, ta rufe gwiwoyinsa. Ina jin muryarsa har ta taɓa ƙasa.

Na tafi.